Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ya Kunna Wutar Ta'addanci da Sunan Jihadi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum gardama ake a majalisarmu. Wasu sun ce Amurka ce ta ƙirƙiro Al-Ƙa'ida da ISIS don ta ɓata sunan Musulunci, wasu sun ce talauci ne kawai. Don Allah ina gaskiyar take? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowane ɓangare ya riƙo wani abu, amma babu wanda ya riƙo duka.

Hannun manyan ƙasashe ba ɓoyayye ba ne. Da Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afganistan a 1979, Amurka da Saudiyya sun zuba kuɗi da makamai ga mayaƙan ƙasar ta hannun Pakistan, kuma a cikin wannan yaƙin ne Usama bin Laden ya kafa Al-Ƙa'ida a Peshawar a 1988. A 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi ta rusa rundunar sojan ƙasar, dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya bindiga suka wayi gari babu albashi. Wasu tsofaffin hafsoshin sun haɗu da masu tsattsauran ra'ayi a gidajen yari irin na Bucca, inda aka taɓa tsare Abubakar al-Bagadadi, wanda daga baya ya zama shugaban ISIS. A 2014 ƙungiyarsa ta kama Mosul. Nan kusa da mu, faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makaman Libiya, a 2012 Timbuktu da Gao da Kidal suka kuɓuce daga hannun gwamnatin Mali.

Sai dai in bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Tsagar ita ce aƙidar kafirta Musulmi, kuma hawa-hawa ake koyar da ita. Da farko a ce wa yaro gwamnati ɗagutu ce, wato abin da ake bi maimakon Allah. Sannan a ce duk mai yi mata aiki, soja ko malamin firamare, ya fita daga Musulunci. Daga nan a ce wanda bai kafirta su ba shi ma kafiri ne. In aka kai hawa na ukun nan, babu jinin da ya rage da alfarma. Shi ya sa aka kai hari masallacin 'Yantaya da ke Jos ana tsakiyar tafsiri a watan azumin 2015, aka tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, kamar yadda aka kai wa cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011. Bam ɗin kasuwar Terminus ta Jos na 20 ga Mayun 2014, wanda ya kashe sama da mutum 100, bai tambayi kowa addininsa ba. Wannan aƙida ta girmi Amurka nesa ba kusa ba: Khawarijawa da ita suka kashe Sayyidina Ali.

Talauci kuwa mayaƙa yake samarwa, ba shugabanni ba. Bin Laden ɗan attajiri ne, magajinsa Zawahiri likita. Abin da ya fi ingiza matashi shi ne zalunci. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattauna da tsofaffin mayaƙa a Afirka ta fitar da rahoto a 2017: kashi 71 cikin 100 sun ce wani abu da hukuma ta yi, kamar kashe ko kama ɗan uwa ko aboki, shi ne ya ƙarasa tura su, kashi 57 kuma sun amsa cewa iliminsu na littattafan addini kaɗan ne ko babu. Ku tuna, kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009 ba tare da shari'a ba bai kashe ƙungiyarsa ta Boko Haram ba. Sai ma ya haifar da Shekau, wanda ya gaje shi.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 19 ya daina bin limamin unguwarmu salla, ya ce albashin mahaifinsa haram ne, kuma yana kwana a kan waya. Hankalina ya tashi. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Rikkos.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki fara da rarrabewa. Tsayar da gemu, ɗage wando ko yawan zuwa karatu ba alamar komai ba ne, kuma iyayen da suke yaƙar waɗannan su ne suke tabbatar wa yaro abin da ake faɗa masa, wai gidansu ba a son addini. Abin lura shi ne ya fara kiran malaman da ya yi karatu a gabansu malaman fada ko kafirai, ya ƙi cin abincin gida, ya yi maganar yaga takardun makarantarsa, ya sami layin waya na biyu da ba ki san lambarsa ba, kuɗi su bayyana a hannunsa babu sana'a, ko kalmar hijira da mubaya'a su yawaita a bakinsa. Biyu daga abin da kika lissafa, wato daina bin limami da haramta albashin mahaifinsa, sun yi kama da wannan sahun, don haka kada a yi sanya.

Kada a kore shi daga gida, domin masu jansa ɗaki da abinci suke jira su ba shi. Kada a fasa wayar, zai sayi wata ya ƙara ɓuya. Ku zaunar da shi, ke da mahaifinsa ko kawun da yake jin nauyinsa, ku tambaye shi hujjarsa, ku bar shi ya kai aya. Ki riƙe ayoyi da sunayen malaman da ya ambata. Da su za a je wurin malamin da ya san waɗannan shubuhohin ɗaya bayan ɗaya, musamman batun hukunci da abin da Allah bai saukar ba da sharuɗɗan kafirtawa. Inda ake yawan ɓata lamarin shi ne a kai yaro wurin malamin da zai yi masa tsawa a gaban jama'a. Zai fito yana ganin an kasa amsa masa. Zama ɗaya ba ya isa, abu ne na watanni, kuma a haɗa masa da aikin hannu da zai cinye masa yini.

In kuwa kika ga makami, ko shirin tafiya, ko saƙon da ke nuna za a kai hari, magana ta wuce gida. A ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022, ɓoye irin wannan bayani laifi ne. Ku je hukuma tare da lauya da mai unguwa, a rubuta ranar da aka karɓi yaron da ofishin da ya karɓa.

Tambaya: Ina sana'ar POS. Wai da gaske ne ana iya kama mutum saboda kuɗin da ya bi ta hannunsa? Daga wani matashi, Bukuru.

Amsa: Da gaske ne, ɗan uwa. Waɗannan ƙungiyoyi da kuɗi suke numfashi: ISWAP, ɓangaren Boko Haram da ke bin ISIS, tana karɓar haraji a kan kifi da tattasai da shanu a yankin Tafkin Chadi, ga kuɗin fansa, ga dabbobin sata da ake shigarwa kasuwa. Kuɗin kuma ba ya tafiya dunƙule, gutsuttsura shi ake yi ta asusun mutane da yawa. A 2019 wata kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida kan tura wa Boko Haram dala 782,000. Mai bincike sunan da ke kan asusu yake bi, ba niyyar mai shi ba. Kada ka ara wa kowa asusunka don a turo masa kuɗi, ko da ya yi maka alƙawarin la'ada mai tsoka. Ka ajiye littafi: rana, adadi, suna da lambar waya. Baƙon da yake zuwa cire kuɗi masu yawa da katuna daban-daban masu sunaye daban-daban, ka ce masa babu kuɗi a hannu, sannan ka sanar da bankin da ya ba ka na'urar a rubuce, ka riƙe kwafi.