Sabar LDAP uku a kan na'ura ɗaya: yaya za a tsara rubutun umarni?

Tambaya: Ina kula da 389 Directory Server, manhajar sabar LDAP mai adana sunaye da asusun masu amfani, a wurin aikinmu, kuma a kan na'ura ɗaya muna da sabar uku masu zaman kansu, ɗaya ta ma'aikata, ɗaya ta ɗalibai, ɗaya ta gwaji. Kowace tana da nata rubutun umarni na ajiyar bayanai da na fitar da su. Kwanan baya na gyara kuskure a na ma'aikata, na manta da sauran biyun, sai da aka yi makonni kafin in gane. Yaya zan tsara su don kada hakan ya maimaitu?

Amsa: Malam, abin da ya same ka ba sakacinka ne kaɗai ya jawo shi ba, domin haka manhajar kanta take a tsohon tsarinta. Ta samo asali daga Netscape Directory Server, wadda Red Hat ya saya a 2004 ya kuma buɗe ta ga jama'a a 2005, kuma a wancan tsarin duk lokacin da aka ƙirƙiri sabuwar sabar ana cike samfuri a fitar mata da nata kwafin db2ldif (mai fitar da bayanai) da ldif2db (mai shigar da su) da db2bak (mai yin ajiya) da sauransu, a ajiye su a folda mai ɗauke da sunanta, an riga an rubuta lambar mashigarta (port) da hanyoyin fayilolinta a ciki. Ke nan sabar uku na nufin kwafi uku na abu ɗaya, kuma gyaran ɗaya ba ya isa ga sauran.

Masu haɓaka manhajar sun magance wannan a siga ta 1.3.1, inda suka mayar da umarnan zuwa /usr/sbin, kwafi ɗaya tak, aka ƙara musu zaɓin -Z wanda da shi ake faɗin sunan sabar da ake nufi. Daga siga ta 1.4.0 kuma aka fara maye gurbin tsofaffin rubutun Perl da sababbin kayan aiki na Python, wato dscreate da dsctl da dsconf da dsidm, waɗanda, in ban da dscreate, ake kira da sunan sabar tun a farkon umarni. Shawarata ita ce ka bi wannan hanyar a naka rubutun: guda ɗaya ya wadatar, kuma kada ka rubuta masa lambar mashiga ko hanyar folda da hannu. Ya karɓi sunan sabar, ya je /etc/dirsrv, ya buɗe foldar slapd mai wannan sunan, ya karanto abin da yake bukata daga dse.ldif, domin nan ne ainihin saitin yake, kuma idan wani ya canza mashiga gobe rubutunka zai bi canjin da kansa.

Abin da na fi so ka mai da hankali a kai shi ne yadda rubutun zai yi idan ba a ba shi suna ba. Mutane da yawa kan sa ya ɗauki sabar farko da ya gani, don sauƙi, kuma a ganina wannan ya fi tsohuwar matsalar haɗari. Ka tuna cewa shigar da bayanai da ldif2db yana share abin da ke cikin rumbun ne ya zuba sabo. Idan ka yi nufin ta gwaji, rubutun kuma ya zaɓi ta ma'aikata, asusun kowa ya tafi, kuma babu abin da zai dawo da su sai ajiyar da ka yi a baya. Saboda haka in sabar ta wuce ɗaya kuma ba a faɗi suna ba, ya tsaya, ya jero sunayen da ke akwai, ya fita ba tare da ya taɓa komai ba. Haka nan in aikin mai sharewa ne, ya nuna sunan sabar ya nemi tabbaci.

Sannan ka raba ayyukan da ake yi bayan an tsayar da sabar da waɗanda ake yi tana aiki. Shigar da bayanai ta dsctl na bukatar a tsayar da ita tukuna, amma dsconf yana magana da ita ne tana aiki, ya ɗora mata aikin ƙarƙashin cn=tasks,cn=config. Tsayarwa da tayarwa ka bar wa systemd, mai kula da ayyukan tsarin Linux, tunda kowace tana da nata dirsrv@ haɗe da sunanta. Kalmar sirrin Directory Manager (babban asusun mai kula da sabar) kuwa kada ta shiga layin umarni, inda duk mai duba ayyukan da ke gudana zai iya ganinta. Ka yi amfani da LDAPI, wato haɗuwa da sabar daga cikin na'urar kanta, ko fayil da root, babban mai kula da na'urar, kaɗai ke iya karantawa.

Wajen sauyawa, kada ka goge tsofaffin rubutun a rana ɗaya, domin akwai yiwuwar cron (mai gudanar da ayyuka a kan lokaci) ko wani abokin aiki na kiran su da tsohon sunansu. Ka mayar da kowanne gajeren layi da ke kiran sabon tare da sunan sabarsa, kamar yadda manhajar kanta ta yi a lokacin sauyinta, ka sa ya rubuta a fayil duk lokacin da aka kira shi. Ka fara da sabar gwaji, ka yi ajiya ka dawo da ita ka tabbatar bayanan sun cika, sannan ka wuce ga sauran biyun. Bayan wata ɗaya ko biyu, wanda fayil ɗin ya nuna babu mai kiransa sai ka cire shi.