Me Ya Sa Makankari Ba Ya Gajiya Da Rufe Ɓawonsa?

Tambaya: Ni mazaunin Yawuri ne, a bakin Kogin Kwara. Tun ina yaro na lura cewa idan aka tsamo makankari da ransa, da wuya a buɗe ɓawonsa da hannu ko da ya wuni a tudu, amma da an dafa shi sai ya buɗe da kansa. Ina wannan ƙaramar halitta take samun ƙarfin, kuma me ya sa ba ta gajiya?

Amsa: Malam, ka lura da abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ɓawon nan biyu a kullum neman buɗewa suke yi, domin akwai wata jijiya mai tauri a mahaɗarsu da ke ja da su baya. Tsokar da ke ciki ce take riƙe su, kuma idan zafin wuta ya lalata furotin ɗinta har ta saki ɓawon, sai jijiyar ta yi aikinta.

Kamar tsokar mutum, a tsokar makankari ma zare biyu ne ke jan juna, wato siririn zaren aktin da kakkauran zaren mayosin, sai dai kakkauran nasa yana da wani furotin a tsakiyarsa mai suna faramayosin, wanda ke ƙara masa tsawo da kauri. Akwai bambanci kuma a wurin ba tsokar umarnin ɗaurewa. A tsokar hannunka, sinadarin kalsiyam yana sauka ne a kan wani furotin mai suna tiroponin da ke jikin siririn zare, amma a 1970 Andrew Szent-Györgyi da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa a irin waɗannan halittu kalsiyam yana kama mayosin ne kai tsaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne batun gajiyar da ka tambaya. Bayan tsokar ta ɗaure, kalsiyam yana raguwa, amma ita ba ta saki, sai ta tsaya a maƙale na tsawon sa'o'i tana cin makamashi kaɗan ƙwarai, kamar ƙofar da aka sa wa sakata, wadda ba ta bukatar mai tokare ta. A wani ɗan uwan makankari da ke zaune a teku aka fi nazarin wannan. A 1954 Betty Twarog ta gano cewa sinadarin sirotonin ne ke sa tsokar ta saki, sannan a ƙarshen shekarun 1990 aka gano cewa sakatar tana da alaƙa da wani babban furotin mai suna tiwicin. Muddin babu sinadarin fosfet a jikinsa tsokar tana nan a maƙale, idan kuwa sirotonin ya sa aka liƙa masa fosfet, nan take ta saki, ɓawon ya buɗe, makankari ya ci gaba da tace abincinsa daga ruwa.