Amsar Kawu Kan Tsayuwa a Gaban Malamai

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci abin da ke damunka. An ba ka minti goma ka gabatar da aikinka a gaban malamai da ɗalibai, kai kuwa ka taso da tarbiyyar sunkuyar da kai da sassauta murya idan babba yana wurin, shi ya sa kake tambaya ko ɗaga ido ka kalli malamanka zai zama rashin kunya.

Ba zai zama ba. Sunkuyar da kai ladabin wanda ake yi wa magana ne, amma da zarar an kira sunanka an ba ka fili, nauyin da ke kanka ya sauya, domin mutanen nan sun ajiye ayyukansu ne don su ji abin da ka zo da shi, kuma babu abin da zai gundure su kamar su yi ta miƙa wuya suna tsintar kalmomin da kake faɗa wa takardarka. Ka yi gaisuwa a taƙaice, ka girmama shugaban zaman, sannan ka ɗago kanka. Kada ka ƙura wa mutum ɗaya ido; ka dubi ɓangare guda har ka kammala jimla, sannan ka juya ga wani, kuma ka auna muryarka da wanda ke zaune a layin ƙarshe.

Bugun zuciya da bushewar baki da za ka ji aikin sinadarin adiranalin ne, wanda jiki ke saki idan ya ji tsoro, kuma yakan lafa bayan ka fara magana. Ranar da na fara tsayawa gaban aji, takarda ta yi ta karkarwa a hannuna har na gaba suna jin ƙararta. Kuskurena shi ne na haddace jawabin kalma da kalma, sai jimla ɗaya ta kuɓuce mini, sauran kuma suka bi ta, na tsaya ina kallon silin. Tun daga ranar, jimloli biyun farko kaɗai nake haddacewa, sauran kuwa kanun magana uku ko huɗu ne a kan ɗan kati. Idan ka rasa kalma, ka yi shiru ka ja numfashi, domin shirun da kake jin ya yi tsawo, a kunnen masu sauraro ɗan kaɗan ne.

Ka kuma kiyaye lokaci, wanda a ganina shi ne babban ladabin mai jawabi. A shekarar 1863 a Gettysburg ta Amurka, wani shahararren mai jawabi, Edward Everett, ya yi wajen awa biyu yana magana a wani taro, shugaba Abraham Lincoln kuwa ya yi kimanin minti biyu, kuma na Lincoln ne ake karantawa har yau. Saboda haka ka gwada jawabinka da babbar murya, agogo na gabanka, ka ɗauki kanka a waya ka saurara, ko da yake na san ba za ka ji daɗin muryarka ba da farko. Idan ya haura minti tara, ka rage.

Lokacin tambayoyi kuwa, ka bar malami ya kai aya kafin ka buɗe baki, kuma idan ya tambayi abin da bincikenka bai taɓo ba, ka faɗa masa haka kai tsaye, ka rubuta tambayar a gabansa. Ka aiko mini da faifan gwajin naka kafin ranar, in saurara.