Me ya sa ake kiran tauraron nan Dabaran?

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar Aldebaran da ka gani a manhajar taurari ta wayarka, ko sunan Turawa ne. Ba nasu ba ne. Dabaran ne, wanda malamanmu na lissafin taurari suka daɗe da sani.

Ni a wurin kakana na fara jin sunan, Allah ya jiƙansa. Da hunturu muna jin ɗumi bayan sallar isha'i, sai ya ce in nemo masa Kaza da 'Ya'yanta. In na nuna, sai ya ce to duba wanda ke biye da ita, wani ja-ja mai haske. "Ka gan shi? Tun da aka halicce shi yake bin ta, bai taɓa cim mata ba."

Ma'anar sunan ke nan. Da Larabci Addabaran na nufin mai bin baya, daga tushen da ya ba da "dubur", kamar yadda ake cewa "dubura kulli salatin", wato bayan kowace salla. Kazar ita ce Surayya a wurin Larabawa. Ita ke fara ɓullowa daga gabas, shi kuma ya biyo sawu. Har labari suka ƙulla a kai: wai ya nemi aurenta ta ƙi shi don talauci, shi ne ya koro raƙumansa a matsayin sadaki yana bin ta. Ƙananan taurarin da ke kewaye da shi su ne raƙuman. Wannan labarin har yau yana taɓa ni in na ɗaga kai.

A manziloli 28 na wata, wato taurarin da wata ke sauka a cikinsu a tafiyarsa, shi ne na huɗu, daga Surayya sai shi. Lissafin nan ne manoma ke tambayar malamai a kansa, kusan kowane tauraro yana da kwana 13 a shekara. Turawa kuwa sun karɓi sunan ne lokacin da aka juya littattafan Larabci zuwa Latin, lafazin ya ɗan karkace.

Masana na yanzu sun ce ya fi rana faɗi wajen sau 44, haskensa kuma na yin shekara 65 kafin ya iso mu. Na Surayya ya haura shekara 400, ka ga ba maƙwabta ba ne, ido ne ya haɗa su.

In kana son ganinsa, fita a watan Disamba bayan magariba, inda ba hasken lantarki, ka fuskanci gabas. Fara nemo Kazar tukuna, sannan ka sauke ido ƙasa kaɗan.