Amsa: Kyanwa da agwagi za su iya zama gida ɗaya?

Malama, kin tambaya ko kyanwarki za ta cutar da agwagin da kika sayo. Manyan ba abin damuwa ba ne sosai, kyanwa ba ta cika tunkarar babbar agwagwa ba, musamman namiji mai huci. 'Ya'yan ne ke cikin haɗari. Kada ki bar su tare da ita, ko da kina ganin ta yi laushi, har sai sun yi gashin fuka-fuki. Idan kuwa ta taɓa ɗaya da haƙori ko farce, ki kai shi wurin likitan dabbobi ranar nan, domin bakin kyanwa na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kashe tsuntsu ko raunin bai fi tsinin allura ba.

Amma ni dare na fi tsoro. Yawancin agwagi a ƙasa suke kwana, ba kamar kaji ba. Ki rufe su a akurki kafin magariba, da raga mai ƙananan idanu, ki binne gindinta kamar santimita 30 saboda kare da gafiya masu tono. Ki kwashe ragowar abinci, shi ke jawo ɓeraye, maciji kuma ya biyo su. Da rana ki shimfiɗa raga a sama saboda shaho.