Dalilin da ya sa muke musu kan ɗan wasan da ke zaune a benci

Yaya, ka ce abu biyu ne suka ɗaure maka kai a bidiyon da yaran suka turo maka. Na farko, magidanta sun cika falo suna kallon wani mai kwat yana karanta sunaye, babu fili babu ƙwallo. Na biyu, ana ta ɗaga murya kan ko kulob ɗinmu ya ƙara ɗaukar mai jefa ƙwallo, alhali wanda yake da shi lafiyarsa lau. To bari in warware maka yadda abin yake a nan Filadelfiya.

Ƙwallon Amurka ba ta da kasuwar cinikin matasa irin ta Turai, inda mai kuɗi ke kwashe duk yaron da ya haska. Kulob 32 ne a gasar NFL, kuma duk ƙarshen Afrilu sukan zauna kwana uku suna zaɓar 'yan wasan jami'a bi da bi, zagaye bakwai. Wanda ya fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, mai kofi shi ne na ƙarshe. Yaron ba shi da ta cewa, duk garin da ya kira sunansa can zai tare. Wannan zama shi ake kira diraf. Ana buɗe shi ƙarfe takwas na daren Alhamis a agogonmu, wato ƙarfe ɗaya na dare a Kano, shi ya sa ba ka taɓa cin karo da shi ba.

Shi kuma mai jefa ƙwallon, kwatabak ke nan, kusan kowane hari ta hannunsa yake farawa. Akwai rediyo a cikin hularsa, koci na faɗa masa dabarar da za a yi, shi ya isar wa sauran goma, ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya jefa kafin ƙarti su danne shi. Kundin dabarun kowane kulob daban ne, sai mutum ya yi watanni yana haddace shi. Saboda haka idan naka ya karye a Disamba, ba za ka fita da kuɗi ka sayo wani ya buga ranar Lahadi ba. Nagartattun duk suna da iyayen gida.

Mutanen garin nan sun ga haka da idonsu. A 2016 Eagles, kulob ɗin garin, suka ba da zaɓuɓɓuka masu yawa don su hau matsayi na 2 su ɗauki Carson Wentz. A Disamban 2017, yana tsakiyar tashe, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Nick Foles da ke benci ya karɓa, ya kai kulob ɗin har Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, aka doke New England 41 da 33 a Fabrairun 2018, kofin Super Bowl na farko a tarihin kulob ɗin. Yanzu haka akwai mutum-mutumin Foles a harabar filin wasa. Ɗan benci fa.

Duk da haka, da aka zo 2020 gari ya ɗauki zafi. Shekara guda kafin nan an ba Wentz kwantiragin dala miliyan 128, sai ga janar manaja Howie Roseman ya ɗauki Jalen Hurts a zagaye na biyu, na 53 a jere. Farkon azumi ne na shekarar korona, kowa na kulle a gida, don haka a waya muka yi rigimar bayan shan ruwa. Wani dattijo cikinmu, mutumin Maraɗi, ya ce ai kishiya aka yi wa Wentz, kuma komai daɗin bakin miji uwargida ta san me ake nufi. Maganarsa ta fito. Wentz ya lalace a kakar nan, aka zaunar da shi a Disamba, a 2021 aka tura shi Indiyanafolis. Hurts kuwa ya kai su Super Bowl sau biyu, ya ci na Fabrairun 2025 a kan Kansas Siti, 40 da 22. Har yau akwai masu cewa zuwan Hurts ne ya sa Wentz ya karaya, wasu na cewa kulob ɗin ya riga ya hango raunin ne. Ni ina tare da na biyun, amma ban yarda da masu cewa abin bai da tsada ba. Mutum ne, yana ganin wanda aka kawo yana ɗumama hannu a gefen fili.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda na san shi zai fi shiga kanka a matsayinka na ɗan kasuwa. Gasar ta ƙayyade abin da kowane kulob zai kashe a albashi, a 2025 dala miliyan 279 da 'yan kai, ga mutum 53. Gogaggen kwatabak shi kaɗai yakan ci miliyan 50 ko fiye a shekara. Sabon shiga kuwa, tun yarjejeniyar 2011, albashinsa a yanke yake na shekara huɗu. Hurts kusan miliyan 6 ya samu a kwantiraginsa na farko gaba ɗaya, kafin a ba shi na miliyan 255 a 2023. Idan yaro mai arha ya iya wasa, rarar sai a zuba ta wajen masu tare masa gaba da masu cafke ƙwallo. Kulob da yawa a wannan ɗan tsakanin suke yin farautar kofi.

Ba kullum ake dacewa ba. 'Yan 49ers na San Faransisko sun sadaukar da zaɓin zagayen farko har uku a 2021 don Trey Lance, bai yi musu komai ba. Wanda ya fitar da su kunya Brock Purdy ne, na 262, mutum na ƙarshe da aka kira a 2022. Kuma su ne suka nuna wa kowa cewa biyu ma ba sa isa. A Janairun 2023, nan garin, a wasan shiga Super Bowl, Purdy ya ji ciwo a gwiwar hannu, na bayansa Josh Johnson ya bugu a ka, dole Purdy ya dawo fili yana miƙa ƙwallo hannu da hannu don ba ya iya jifa. Eagles suka doke su 31 da 7. Bayan 'yan watanni gasar ta kafa dokar ba da damar sanya kwatabak na uku cikin kayan wasa don irin wannan rana. Kulob ɗin Packers na Green Bay kuma nasu salon haƙuri ne: Aaron Rodgers ya yi shekara uku yana kallon Brett Favre, Jordan Love ya yi uku yana kallon Rodgers.

Ka kuma tambaya me ya kai mu ciki, mu da muka tashi da Kano Pillars. Yaran ne suka ja mu. Ɗan da aka haifa a nan, ranar Litinin a makaranta ba wanda zai tambaye shi Arsenal. Masu tuƙin haya cikinmu kuma sun gane cewa fasinjan da bai san inda Nijar take ba zai saki jiki da kai idan ka san sunan kwatabak na uku. Yanzu Lahadinmu ta rabu biyu: da safe Firimiya, saboda bambancin agogo, ƙarfe ɗaya na rana kuma Eagles. Shagalin da 'yan gari ke yi a wajen ajiye motoci da giya da naman alade ba mu zuwa. A falo ake haɗuwa, a kawo tsire da shayi, a yi la'asar a hutun rabin lokaci, wani lokacin limamin yana sanye da koriyar riga a ƙarƙashin jallabiya.

Musun da ka gani a bidiyon kan wannan ne: matasan na so a riƙa ɗaukar kwatabak a zagaye na biyar ko na shida kusan duk shekara, a rene shi, in ya yi kyau a sayar da shi ga mabuƙata a karɓi zaɓi mafi tsoka. Dattawan na cewa asarar wuri ne, tunda a atisayen mako kusan duk jifan na ɗaya ne ke yi, na uku sai dai ya kwaikwayi abokan hamayya. Mai jan hular da ka ga yana buga tebur surukina ne, shi yana ɓangaren dattawa. A gaida su Hajiya da yara.