Tallafin manoman da fari ya shafa a karkarar Amurka

Malam, ka tambaya ko manomin da fari ya ƙone wa gona a karkarar Amurka yana samun tallafin gwamnati kai tsaye. Ba haka abin yake ba, domin sai ya bi ta ofishin hukumar tallafa wa manoma ta FSA na gundumarsa, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma. A shirin NAP, wanda aka tanada don amfanin gonar da babu inshorarsa, dole ne ya yi rajista tun kafin masifar, sannan ya kai rahoton asara cikin kwana 15. Matakin farko na tallafin shirin yana biyan asarar da ta haura rabin amfanin ne kawai, a kan kashi 55 cikin ɗari na farashin kasuwa. Wa'adin kwana 15 ɗin nan ne ya fi damuna, musamman ga ƙananan manoma.